Buhun Takin Gwamnati, Na Wane Ne?

Duk shekara idan bazara ta kama, hadari ya fara haɗowa daga gabas, magana ɗaya ce ke cika bakin manoma tun daga Bilbis har Tsafe, daga Bunguɗu har Gusau: yaushe takin gwamnati zai iso, kuma wa zai samu? Akan ji sanarwa a rediyo cewa an ƙaddamar da rabo, a ga tireloli jere a gaban manyan baƙi. Bayan 'yan makonni sai ga buhunan nan a kasuwa, ana sayar da su a farashin 'yan kasuwa, alhali manomin da aka yi jawabi da sunansa yana tsaye a bakin gonarsa yana kallon masararsa tana yin rawaya.

Wannan al'amari ya shafi lamirin kowannenmu, domin a cikin masu karanta wannan takarda akwai manoma, akwai ma'aikatan ƙaramar hukuma, akwai 'yan kasuwa da direbobi, kuma ta hannun irinsu ne buhun yake bi kafin ya kai gona ko ya ɓace a hanya. Mutane da yawa da ba za su taɓa ɗaukar kazar maƙwabci ba, sukan karkatar da taki buhu goma su yi barci lafiya, suna cewa ai kayan gwamnati ne. To, bari mu tsaya mu tambayi kanmu: buhun nan na wane ne? Amsar da muka ba wannan tambaya ita ce za ta nuna mana abin da ya wajaba a kan mai rabo, da mai karɓa, da mai saye.

Yadda tallafin ya faro

Tallafin noma ya daɗe a wannan yanki. A shekarar 1975 aka fara aikin raya noma na Gusau da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Funtuwa da Gombe, kuma su ukun nan su ne na farko irinsu a Nijeriya. Ta hanyarsu takin zamani da ingantaccen iri suka shiga ƙauyuka masu yawa, aka fitar da hanyoyin karkara, malaman gona suka riƙa zagayawa. A 1976, zamanin Janar Obasanjo, aka kawo shirin ciyar da ƙasa, gwamnatin tarayya ta karɓi aikin sayo taki da rarraba shi. A 1980 Shugaba Shehu Shagari ya kawo nasa shirin na bunƙasa noma. A waɗannan shekaru gwamnati ce ke biyan fiye da rabin kuɗin kowane buhu. A 1997 aka janye rangwamen gaba ɗaya, amfani da taki ya ragu ƙwarai, sai a 1999 aka maido da shi a kan kashi 25 cikin 100, jihohi kuma suna ƙara nasu a kai.

Jihar Zamfara, wadda aka ƙirƙiro daga Jihar Sakkwato a ranar 1 ga Oktoba 1996, ta ɗauki noma a matsayin abin alfaharinta, kuma a zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura aka kafa shirin ZACAREP don ba ƙungiyoyin manoma kayan noma bashi. A 2012 Ministan Noma na lokacin, Akinwumi Adesina, ya bayyana cewa a tsohon tsari manoma 11 kacal cikin 100 ne takin rangwame yake isa gare su. Saboda haka aka kawo sabon tsari: a yi wa manomi rajista, a aika masa saƙo ta wayar hannu, ya je wurin dillali ya karɓi buhu biyu a rabin farashi. A watan Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da lamunin manoma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi. A ƙarshen 2016 aka ƙulla yarjejeniya da ƙasar Maroko, wadda ta sa aka tsayar da buhun kamfa a kan naira 5,500 na wasu shekaru. A 2024 kuma Babban Banki ya miƙa wa Ma'aikatar Noma taki buhu miliyan 2 da dubu 150 don a raba wa manoma.

Shekara wajen hamsin ke nan ana sauya suna da tsari, amma kukan ƙaramin manomi bai sauya ba. Ruwa ba ya tsami banza. Idan tsari bayan tsari ya ci karo da cuta iri ɗaya, to cutar tana cikin yadda muke kallon abin da ake rabawa.

Tallafi hakki ne da aka daɗe ana bi

Kuskure na farko shi ne ɗaukar tallafi a matsayin sadakar da mai mulki ya yi daga aljihunsa. Wanda ya ɗauke shi haka zai ga ya wajaba manomi ya durƙusa ya gode, ya kuma biya da ƙuri'arsa, kuma in ba a ba shi ba bai da ta cewa, tun da mai kyauta shi ke zaɓen wanda zai ba.

Tarihin wannan ƙasa ya ƙaryata wannan tunani. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Gusau ta kai Ƙaurar Namoda a 1929, audugar manoman nan da gyaɗarsu suke fita zuwa bakin teku. Daga ƙarshen shekarun 1940 hukumomin ciniki ne ke yanka farashin amfanin gona, suna biyan manomi ƙasa da abin da ake sayarwa a kasuwar duniya, suna ajiye rarar. Da wannan rara, haɗe da haraji da jangali, aka gina makarantu da hanyoyi da masana'antu a Jihar Arewa. Ba a rushe hukumomin nan ba sai a 1986. Ke nan kakannin manomin Bilbis sun daɗe suna tallafa wa gwamnati kafin gwamnati ta yi tunanin tallafa wa jikokinsu.

Har yau ma manomi ne ke ɗauke da kasadar cikin kowa. Shi ne ke jiran ruwa, shi ne ke fama da fari da ambaliya da ƙwari da wuta-wuta. Yakan sayar da hatsinsa da kaka, lokacin da farashi ya fi faɗuwa, domin bashi da bukatun gida ba sa jira, sa'an nan ya dawo ya sayi irin wannan hatsi da tsada a tsakiyar damina. Duk sa'ad da abinci ya yi tsada a birni, gwamnati takan ɗauki matakin saukar da shi. A 2024 an ɗage harajin shigo da wasu hatsi na kwana 150, kuma a 2025 farashin masara ya faɗi, amma kuɗin taki bai bi shi ƙasa ba. Mai albashi ya sami sauƙi, kuma ya kamata ya samu, sai dai daga gumin manomi aka yanko sauƙin. Al'ummar da ke neman abinci mai araha daga hannun mutum tana da alhakin rage masa tsadar noma shi.

Ikilisiya ta yi magana a kan wannan. Paparoma Yohanna na 23, wanda shi kansa ɗan ƙananan manoma ne daga wani ƙauye a arewacin Italiya, ya rubuta wasiƙarsa mai suna Mater et Magistra a 1961. A ciki ya nuna yadda aka bar noma a baya idan aka kwatanta da masana'antu, ya kuma ce wajibin hukuma ne ta samar wa mutanen karkara hanyoyi da ruwan sha da asibiti, da rance mai sauƙin ruwa, da kariyar farashi, ta kuma ƙarfafa ƙungiyoyin gama kai. A ƙarƙashin adalci ya jera waɗannan abubuwa, wato a cikin abin da ake bin hukuma. Saboda haka manomin da ya karɓi buhunsa biyu hakkinsa ya karɓa. Godiya tasa ga Allah ce, kuma ƙuri'arsa tasa ce.

Nauyin da ke kan mai rabo

Kuskure na biyu ya fi na farko yaɗuwa, shi ne cewa kayan gwamnati ba su da mai su. Mu ɗauki misali. Wani ɗan ƙwadago a Legas ya ba direba kuɗi ya kai wa mahaifiyarsa a Bilbis, direban ya cinye. Babu wanda zai yi gardama cewa ya ci amana, domin an san wanda ya aiko, an san wadda aka aika wa. Takin rangwame ma saƙo ne. Masu aikowa su ne dukan jama'ar ƙasa, waɗanda aka biya rangwamen da dukiyarsu, waɗanda aka aika wa kuwa su ne ƙananan manoman da aka ambata sa'ad da aka ware kuɗin. Bambancin kawai shi ne, a nan masu aikowa miliyoyi ne, masu jira dubbai ne, babu wanda ya san fuskar wani, don haka mai cin saƙon ba ya jin kukan kowa. Rashin jin kukan bai mayar da haram halal ba. Doka ta bakwai, wadda ta hana sata, ba ta ware dukiyar jama'a ba.

Ku tuna da labarin da Annabi Natan ya ba Sarki Dawuda, na mai arziki da ke da garke, amma da baƙo ya zo masa sai ya kama 'yar tunkiya ɗaya tak ta matalauci ya yanka. Wanda ke noma hekta hamsin, yana da hanyar banki, sa'an nan ya sa hannu a buhu biyun gwauruwa mai gayauna, shi ne mutumin nan na cikin labarin.

Cin amanar rabo yana da fuskoki da yawa, kuma ya kamata a kira kowace da sunanta. Akwai cusa sunayen mutanen da ba su da gona, ko waɗanda ba su ma wanzu ba. Akwai raba taki bisa jam'iyya, ta yadda unguwar da ta zaɓi wani ɓangare za ta ga tirela, maƙwabciyarta ta ga ƙura. Akwai rage nauyin buhu, da gauraya taki da ƙasa. Akwai kuma fifita dangi da 'yan addini ɗaya. A nan ya kamata mu yi wa kanmu gaskiya. Kiristan da aka ba aikin rubuta sunaye, in ya tsallake maƙwabcinsa Musulmi wanda ya fi cancanta don ya sa ɗan cocinsu, ya yi zalunci, daidai da zaluncin da za mu yi kuka da shi in an yi mana. Yunwa ba ta tambayar inda mutum yake sujada. Ma'aunin rabo shi ne gona da bukata.

Akwai wata fuska da ba a cika lissafa ta cikin zunubi ba, wato jinkiri. Taki yana da lokacinsa. Masara tana bukatar kamfa a makonni biyun farko bayan shuka, yuriya kuma wajen mako na biyar ko na shida. Buhun da ya iso bayan masara ta yi bunni ya rasa mafi yawan amfaninsa. Don haka ma'aikacin da ya danne takarda a teburinsa yana jiran a ba shi na goro, ko aka tsare tireloli a sito ana jiran ranar da babban baƙo zai sami sukunin zuwa buɗe rabo, an ɗauke wa manomi damina guda ko da ba a taɓa buhu ko ɗaya ba. Lokaci yana cikin amanar.

Wani lokaci ma dokar rabon ce da kanta take karkata. A ƙasashen Tarayyar Turai, inda ake biyan manomi gwargwadon faɗin gonarsa, alƙaluman hukumar Tarayyar sun nuna cewa wajen kashi 80 cikin 100 na kuɗin yana tafiya ga kashi 20 cikin 100 na masu karɓa. A Amurka ma manyan gonaki ne ke kwashe kaso mafi tsoka. A can ba sai an saci komai ba, doka ce ta ba mai yawa ƙari. Wani zai ce ai babban manomi shi ya fi cika rumbun ƙasa, don haka shi ya fi cancanta. Gaskiya ne yana noma da yawa. Amma da tallafi da babu, zai sayi takinsa, domin yana da jari kuma banki ya san ƙofarsa. Ƙaramin manomi kuwa, rangwamen nan shi ne ke raba tsakanin ya sa taki ko ya bar gona haka nan. A hannunsa ne kuɗin jama'a yake haifar da hatsin da da ba za a samu ba.

Nauyin da ke kan mai karɓa

Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ba a ofis kaɗai ake cin wannan amana ba.

Sai dai a nan dole mu yi hattara, kada mu ɗora wa matalauci laifin da ba nasa ba. Mu ɗauki manomin da ya karɓi buhunsa biyu a tsakiyar damina, rumbunsa ya ƙare, ɗansa yana kwance da zazzaɓi, babu kuɗin magani. Ya sayar da buhu ɗaya ya ceci ɗan. Shin ya yi zunubi? Buhun hakkinsa ne, kuma rai ya fi amfanin gona. Malaman Ikilisiya, tun daga Waliyyi Toma na Akwino, sun koyar cewa matsananciyar bukata tana da nata hukunci, domin Allah ya halicci albarkar ƙasa don rayuwar kowa. Wannan manomi kansa ya cutar, domin da kaka zai ga gibin. Nauyi ya fi sauka a kan wanda ya tsaya a ƙofar wurin rabo da kuɗi a hannu, yana jiran masu irin wannan matsuwa ya saye a wulakance, ya ɓoye, ya fitar idan farashi ya hau. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Dabam yake da wanda ba ya noma ko kunya ɗaya, amma ya shiga layi don ya karɓa ya sayar, ko wanda ya rubuta sunan matansa da 'ya'yansa a kan gona guda don ya karɓi rabon mutum biyar. Buhunan da aka kawo ƙidayayyu ne. Duk wanda ya karɓi fiye da nasa, akwai wani a ƙarshen layi da ya koma gida hannu rabbana, kuma sau da yawa shi ne tsoho ko gwauruwa da ba su da ƙarfin turereniya.

Maganar bashi ta fi wannan nauyi. A ƙarƙashin lamunin Babban Banki da aka fara a 2015, an fitar da fiye da naira tiriliyan 1, kuma zuwa 2023, bisa lissafin bankin da kansa, wajen rabi ne kawai aka biya cikin abin da lokacin biyansa ya yi. Waɗanda ba su biya ba iri uku ne. Akwai wanda ambaliya ko fari ko 'yan bindiga suka raba shi da amfaninsa. Wannan ya cancanci a saurare shi, a ɗaga masa ƙafa ko a yafe masa. Akwai wanda tun farko da ƙarya ya karɓa. Akwai kuma wanda ya noma, ya girbe, ya sayar, sa'an nan ya ce ba zai biya ba, wai rabonsa ne na arzikin ƙasa, tun da manya sun ci nasu.

Wannan hujja ta ƙarshe tana da daɗin ji, don haka ya kamata a duba ta da kyau. Gaskiya ne manya sun ci. Amma kuɗin da ka riƙe ba daga aljihun manyan yake fita ba. An shirya shi ne ya dawo ya zagaya zuwa ga wani manomi baɗi. Da biya ya yi ƙaranci, aka sami dalilin rufe ƙofa, kuma tun daga ƙarshen 2023 Babban Banki ya janye daga irin wannan lamuni. Wanda ya ji a jikinsa shi ne ƙaramin manomin da yanzu ba shi da wurin zuwa sai wurin mai ba da falle, ya ci bashi da damina ya biya da hatsi ninki da kaka. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, babu abin kunya a cinsa. Abin kunya shi ne mutum ya sa hannu a kan alkawari yana da niyyar saɓawa. Zunubin wani ba ya zama izini ga wani.

Ko a soke shi gaba ɗaya?

Akwai masu ilimi da kyakkyawar niyya da suke cewa, tun da tallafin taki ya zama rariya, a daina zuba ruwa a ciki. Suna cewa gara a kashe kuɗin a kan hanyoyin karkara, da ɗaukar malaman gona, da binciken iri, da gyara noman rani irin na madatsar ruwan Bakolori, domin waɗannan ba a iya loda su a mota a kai kasuwa da dare. Suna kuma cewa jiran takin gwamnati yana kashe kasuwar dillalai na gaskiya, yana sa manomi ya ƙi saye da wuri.

Maganarsu tana da ƙarfi, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Babu wani abu mai tsarki a jikin buhun taki. Idan hanya mai kyau daga ƙauye zuwa kasuwar Tsafe za ta fi amfanar manomi, to a yi hanyar. Sai dai abin da ya faru bayan 1997 ya nuna cewa janye rangwame ba tare da an kafa wani abu a gurbinsa ba, ƙaramin manomi ne yake fara faɗuwa. Ƙasarmu ta gaji, shekara da shekaru ana ɗiba ba a mayarwa, ga kuma takin gargajiya ya yi wuya tun da satar shanu ta kwashe garkuna. Shugabannin Afirka sun san haka. A Maputo a 2003 sun yi alkawarin ware wa noma kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗi, a Abuja kuma a 2006 sun yi alkawarin ɗaga amfani da taki daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta. Nijeriya ta sa hannu a duka biyun, amma kasafin tarayya bai kusanci kashi 10 ɗin ba. Siffar tallafi tana iya sauyawa, amma wajibin yana nan. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Gyaran kuma ba ya bukatar wata dabara daga waje. Abin da ake ci a ɓoye, haske ne maganinsa. A sanar da yawan buhunan da aka ware wa kowace mazaɓa. A karanta sunayen masu karɓa a fili a ƙofar mai unguwa ko dagaci, inda kowa ya san wanda ke da gona da wanda ba shi da ita. A kawo kayan kafin ruwan shuka. Ƙarya ba ta daɗewa a gaban mutanen da suka san juna.

Abin da taki ba ya iya yi

Ba za a yi maganar noma a ƙasar Tsafe a tsallake babban ciwon ba. Shekaru da dama ke nan manoman yankin, da na Faskari a ƙetaren iyakar Katsina, suna noma cikin tsoro. Ƙauyuka da yawa sun biya 'yan bindiga kuɗi kafin a bar su su yi shuka, suka sake biya kafin girbi. Gonakin nesa sun koma saura. Iyalai sun yi hijira zuwa Tsafe da Gusau. A watan Satumba 2021 an rufe layukan waya a faɗin jihar, aka kuma hana cin kasuwannin mako, don yaƙi da ɓarayin daji. Manomi ya sha wuya a hannun cutar, ya kuma sha a hannun maganin.

Mene ne amfanin buhu biyu ga wanda ba ya iya zuwa gonarsa? Tallafi na farko da hukuma ke bin manomi shi ne tsaron ransa, domin saboda wannan aka kafa hukuma tun asali. Gwamnatin da ta raba taki ta bar hanyar gona a hannun 'yan bindiga, ta zama mai yi wa ɓarawo noma. Manomin da ya biya kuɗin tilas don iyalinsa su ci abinci kuwa, kada kowa ya hukunta shi daga inuwar birni; wanda aka ɗora wa bindiga ba shi ne mai laifi ba. Haka kuma idan ana rubuta sunaye, kada a manta da waɗanda suka yi hijira suna noman aro a bakin gari. Rasa gona bai cire su daga cikin manoma ba, bukatarsu ma ƙaruwa ta yi.

Mayar da abin da aka ci

Koyarwar da muka karɓa a fili take: wanda ya ci hakkin wani, nadama da furta zunubi ba su cika ba sai ya mayar da abin gwargwadon ikonsa. Zakka mai karɓar haraji, sa'ad da Ubangiji ya shiga gidansa a Yariko, da dukiyarsa ya nuna tubarsa, ya yi alkawarin mayar wa waɗanda ya zalunta har ninki huɗu. Wani zai ce, ai ban san mai buhun da na karkatar ba, wa zan mayar wa? Ka san mazaɓar da aka ware wa. Ka sayi taki daidai abin da ka ɗauka, ka kai wa matalautan manoman wurin kafin shuka, ko da ta hannun wani amintacce ne ba tare da an ambaci sunanka ba. Wanda ake bi bashin noma kuma yana da halin biya, ya fara biya ko da kaɗan kaɗan ne.

Kai ma'aikaci, alƙalaminka yana iya cika rumbu ko ya bar shi wayam, kuma ƙin sa hannu a kan jerin ƙarya yana iya jawo maka fushin na sama. Wannan shi ne farashin gaskiya, kuma 'yan'uwa su tsaya tare da mai biyansa. Kai ɗan kasuwa, buhun da ka san daga rabon talakawa ya fito, kada ka saye shi, domin ɓarawo ba ya sata in babu mai karɓa. Kai manomi, ka karɓi naka da kai a ɗage, ka bar na wani, ka shiga ƙungiya da maƙwabtanka, Kirista da Musulmi, ku tambayi kansilanku buhu nawa aka ware muku da ranar da za su iso. Majalisun cocinmu da ƙungiyoyin mata da na matasa su taimaki gwauraye da tsofaffi da marasa karatu wajen rajista, su raka su wurin rabo.

Buhun takin gwamnati yana da mai shi. Shi ne mutumin nan da ke duƙe tun asuba a gonar da ba ta kai hekta biyu ba, wanda tuwon da za mu ci yau da dare ya bi ta hannunsa. Duk wanda buhun ya ratsa hannunsa kafin ya kai gare shi ɗan aike ne, kuma za a tambaye shi saƙon.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya maido da salama a ƙauyukanmu, ya sa mu zama amintattu a kan abin da aka danƙa mana. Amin.